Fitilar LED a Motar Lantarki: Abin da Take Ragewa a Batir da Abin da Take Ƙarawa a Kan Titi

Tun da aka cire tallafin man fetur a Najeriya ranar 29 ga Mayun 2023, maganar abin hawa mai aiki da lantarki ta bar ɗakunan taro ta sauko tasha. A Maiduguri akwai motocin haya masu aiki da caji, a wasu biranen kuma an fara ganin adaidaita sahu da babura waɗanda ba sa shan ko ɗigon mai. Duk wanda ya tsaya kusa da irin wannan abin hawa, tambayarsa ba ta wuce kuɗinsa, da yawan kilomitar da yake yi kafin caji ya ƙare, da shekarun da batir zai yi. Da wuya ka ji wanda ya tambayi fitila. Alhali kuwa daga wannan batirin da ake ta lissafi a kansa take shan wuta, kuma da zarar rana ta faɗi ita ce idon direba.

Yawancin motocin lantarkin da ake ƙerawa yau da fitilar LED suke fitowa. Masu talla suna cewa tana tattalin wuta, tana kuma kare rayuka. Duka biyun akwai gaskiya a ciki, sai dai nauyinsu ba ɗaya ba ne, kuma ta biyun tana da sharaɗi mai girma.

Ƙwan fitilar da muka saba da shi, har da na halojin da ke cikin yawancin motocinmu, siririyar waya ce a cikin gilashi. Wuta ta bi ta cikinta, ta yi zafi ya haura digiri 2,000, zafin ne yake sa ta haske. Shi ya sa mafi yawan wutar da ƙwan ya sha zafi take zama. Abin da ke fitowa a matsayin hasken da ido ke gani bai wuce kashi 10 cikin 100 ba. LED kuwa ɗan ƙanƙanin gutsure ne wanda idan wuta ta ratsa shi yake ba da haske kai tsaye, ba sai wani abu ya yi ja ba. Mai jan haske ya samu tun 1962 a hannun Nick Holonyak na kamfanin General Electric a Amurka. Fari ne ya daɗe bai samu ba, domin sai da aka jira shuɗi, wanda Isamu Akasaki da Hiroshi Amano da Shuji Nakamura suka cimma a Japan a wajajen farkon shekarun 1990, aikin da ya ba su kyautar Nobel a 2014. Farin hasken da ke gaban mota a yau shuɗin nan ne aka lulluɓe da wani sinadari mai ruwan ɗorawa. Lexus LS 600h ce ta fara fitowa da shi a ƙaramar fitilar gaba a 2007, Audi R8 ta biyo baya da cikakkiyar fitilar LED a 2008, Nissan Leaf kuma, mai aiki da lantarki, ta zo da shi a ƙarshen 2010.

To, wuta nawa ake ragewa? Ƙwan halojin irin na H7 yana shan wat 55. Biyu ke nan 110. Ƙara danjar baya, da fitilar lamba, da ƙananan fitilun gefe, kowanne wat 5, jimilla ta kai wajen wat 140. Idan duka LED ne, haske irin wannan ko ma fiye ana samunsa da wat 40 zuwa 50. Bambancin bai wuce wat 100 ba.

A motar fetur wannan kuɗin a ɓoye yake, altaneta ce ke samar da wutar, injin yana biyanta da ɗan man da ba wanda ke lura da shi. Motar lantarki ba ta da altaneta. Akwai wata na'ura da ke ɗibar wuta daga babban batir, ta sauke ƙarfinta zuwa volt 12, ta ciyar da fitilu da rediyo da sauran ƙananan kaya. Don haka duk abin da fitila ta sha, daga tafiya aka yanke shi. A yi lissafin da yunit, irin wanda muke saya a mita. Mota matsakaiciya tana cin yunit 15 zuwa 20 a kilomita 100. Wat 100 na tsawon awa guda kashi ɗaya ne cikin goma na yunit, wato tafiyar da ba ta kai kilomita ɗaya ba. Direban da ya tashi daga Kano zuwa Kaduna da daddare, ya yi awa uku a hanya, abin da LED ta rage masa bai wuce tafiyar kilomita 2 ba, a hanyar da ta haura kilomita 200. Na'urar sanyaya mota kaɗai, a zafin bazara, tana iya cin ninki goma na wannan ko fiye. Iskar taya da ta ragu, ko gudun da ya wuce kima, kowannensu ya fi fitila ɓarnar caji. Wanda ya ce maka fitilar LED za ta ƙara wa motarka nisa mai yawa, ya cika baki.

Lissafin yana canzawa idan aka sauko ƙananan abubuwan hawa, kuma su ne suka fi shafar mu. Inji da nisan tafiya yake cin wuta, fitila kuwa da lokaci take ci. Ko kana tafiya, ko kana tsaye cikin cunkoso, ko kana jiran fasinja a bakin kasuwa, tana sha. Babur na lantarki yana cin yunit 3 zuwa 4 ne kawai a kilomita 100, batirinsa ma sau da yawa bai wuce yunit 2 ko 3 ba. Ƙwan halojin na babur wat 35 ne, na LED wajen wat 10. Mai babur ɗin haya da ya yi awa biyar daga magariba zuwa dare ya rage abin da zai kai shi ƙarin kilomita 3 ko 4. Wannan fasinja guda ne, ko kuma bambancin isa wurin caji a kan babur da isa ana turawa. Haka nan a inda caji ya dogara da hasken rana, irin tashar da hukumar bunƙasa ƙera motoci ta Najeriya, NADDC, ta buɗe a Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato a 2021, ba abin da ke shiga bayan faɗuwar rana; abin da aka tara da rana shi ake ci da dare, kowane wat yana da daraja.

Amma a ganina babbar ribar wannan tattalin tana cikin halin direba ne. Kowa ya san abin da ke faruwa a titunanmu da almuru. Duhu ya fara shiga, ido bai gama sabawa ba, ga masu komawa gida, ga masu tsallakawa zuwa masallaci, amma motoci da yawa ba su kunna komai ba. Ka tambayi direba, sai ya ce ai yana gani, ko yana tattalin batir, ko kada ƙwai ya ƙone. Ya manta cewa fitila ba don ya gani kaɗai aka yi ta ba, har don a gan shi. Ka ɗauki wannan direban ka ba shi adaidaita sahun lantarki wanda ke nuna masa caji yana sauka a gaban idonsa, saura kashi 30, saura 20. Zuciyarsa za ta ƙara raya masa ya kashe duk abin da zai iya kashewa. LED ta kawar da wannan hujjar. Fitilar rana ta LED, wadda ke kunnuwa da kanta da zarar an ta da mota, wajen wat 10 zuwa 15 take sha gaba ɗaya. Ko wuni ta yi a kunne, abin da za ta ci wa mota wajen tafiyar kilomita ɗaya ne kawai. Tarayyar Turai ta wajabta ta a kan sababbin samfuran ƙananan motoci tun Fabrairun 2011. Abin da ya kamata direba ya sani shi ne barin fitilar a kunne ba ya rage masa ko kuɗin fasinja ɗaya.

Motar lantarki ta fi ta fetur buƙatar a gan ta, domin ba a jin ta. A ƙananan gudu, kafin ƙarar taya ta tashi, kusan shiru take tafiya. Turai ta ga haɗarin, ta sa doka daga Yulin 2019 cewa sababbin samfura su riƙa fitar da wata ƙara ta gargaɗi idan gudunsu bai wuce kilomita 20 a awa ba, daga Yulin 2021 kuma dokar ta hau kan kowace sabuwar motar lantarki. A unguwanninmu mutane da kunne suke tsallaka titi. Yarinya mai talla da faranti a ka ba ta cika waiwayawa ba, ƙarar inji take saurare. Abin hawan da ba shi da na'urar ƙara, haskensa ne kaɗai ya rage ya sanar da zuwansa. Ga makaho kuwa hasken ba ya amfanar da komai, don haka kada wani ya ɗauka fitila mai kyau ta maye gurbin ƙarar.

A baya ma akwai riba, kuma ana iya auna ta da taku. Tsohon ƙwan birki mai wat 21 sai wayarsa ta yi zafi kafin ya cika haske, abin da ke ɗaukar wajen kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa. LED nan take take kamawa. Mota mai gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa, ka ga wannan ɗan jinkirin ya haura mita 5, tsawon mota guda. Wanda ke biye da kai ya sami wannan tazarar kyauta.

Sai dai motar lantarki ta zo da wata matsala da ta fetur ba ta da ita. Idan direba ya ɗaga ƙafa daga totur, injin yana juyewa ya zama janareta, yana mayar da wuta cikin batir, motar kuma tana rage gudu sosai ba tare da an taɓa birki ba. A wasu motocin da haka kaɗai ake tsayawa cak. Idan danja ba ta kama ba a wannan lokacin, na baya ba shi da labari. Ƙa'idar Majalisar Ɗinkin Duniya da Turai ke bi ta ce dole danja ta kama idan raguwar gudun ta wuce wani mizani, amma ba kowace ƙasa ke bin ta ba. A 2023 mujallar Consumer Reports ta Amurka ta nuna wasu motocin Hyundai da Kia suna rage gudu haka danja a kashe, har kamfanin Hyundai ya fitar da gyaran manhaja. Rijiya ta bayar, guga ya hana: ƙwan yana da sauri, umarnin kunna shi ne bai zo ba. Wannan ya shafi masu mayar da tsofaffin motocin fetur na lantarki a garejojinmu, da masu rewayar da ke haɗa musu waya. Gwajinsa ba wuya. Ka sa wani ya bi ka a baya a hanyar da ba kowa, ka ɗaga ƙafa daga totur, ya gaya maka ko danja ta kama.

Yanzu ga hasken gaba, inda alherin ya fi yawa, cutar ma ta fi yawa. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ce mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a haɗarin hanya kowace shekara, kuma idan aka auna da yawan jama'a, yankin Afirka ne kan gaba. Fiye da rabin waɗanda ke mutuwa masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da masu babur. A Amurka, inda ake ƙididdigar abin dalla-dalla, wajen kashi uku cikin huɗu na masu tafiya a ƙasa da mota ke kashewa cikin duhu abin ke faruwa. Cibiyar IIHS, wadda kamfanonin inshora ke ɗaukar nauyinta a can, ta fara auna fitilun motoci a 2016. Cikin motoci 31 da ta fara da su, ɗaya tak ce ta sami matakin mai kyau, Toyota Prius v mai fitilar LED. Daga baya, da ta duba rahotannin haɗurra, ta samu cewa motoci masu fitila mai kyau haɗarinsu na dare wanda mota ɗaya ke yi ita kaɗai ya ragu da kashi 19 cikin 100, na buge mai tafiya a ƙasa kuma da kashi 23, idan aka kwatanta da masu fitila marar kyau.

A lura, fitila mai kyau aka ce, ba a ce LED ba. A wannan gwajin na 2016, Honda Accord mai ƙwan halojin na yau da kullum ta fi 'yar'uwarta mai tsada mai LED maki. Abin da ake aunawa shi ne inda hasken ya sauka: ya kai nesa a kan kwalta, ya haska gefen hanya a kwana, bai kuma shiga idon mai tahowa ba.

Nan ne muke shan wahala. Duk wanda ke tuƙin dare a hanyoyinmu marasa shinge a tsakiya ya san farin hasken nan da ke tahowa ya rufe masa ido, ya koma bin gefen titi da addu'a. Farin LED mai ɗaukar shuɗi ya fi hasken halojin mai ɗaukar ja sukar ido, kuma dattijo ko mai yanar ido ya fi yaro daɗewa kafin ganinsa ya dawo. A gudun kilomita 80, kowace daƙiƙa ta makanta mita 22 ce. Idan akwai amalanke ko tirelar da ta lalace ba danja a cikin mitocin nan, shi ke nan.

Mafi yawan wannan hasken mai cutarwa ba daga masana'anta ya fito haka ba. Ƙwan LED ne aka sayo a kasuwa aka cusa a gidan fitilar da aka yi wa halojin. Madubin da ke bayan ƙwai an lanƙwasa shi ne daidai da wurin da siririyar wayar nan take zama, kaucewar da ba ta kai faɗin ƙwayar gero ba tana canza inda haske zai tafi. Sabon ƙwan ba a nan yake fitar da haskensa ba, sai madubin ya watsa shi sama da gefe. Direba ya ga bango da bishiyoyi sun yi fari tas, ya ji daɗi, alhali kwaltar da ke can nesa ba ta ƙaru da komai ba, mai tahowa kuma ya makance. Ingila ta fara kayar da irin waɗannan motoci a binciken shekara-shekara tun 2021. Jamus ta yarda da wasu ƙwayaye daga 2020, amma kowanne sai a samfuran motocin da aka gwada shi a cikinsu. Mu kuwa har doguwar sandar fitila irin ta motocin daji ake ɗaura wa adaidaita sahu a tsakiyar gari.

Akwai gwajin da kowa zai iya yi a ƙofar gida. Ka sami bango da fili mai daidai, ka tsayar da mota mita 10 daga bangon da daddare. Auna tsayin tsakiyar fitila daga ƙasa, ka yi alama da gawayi a bango a wannan tsayin. Kunna ƙaramar fitila. Idan lafiyayya ce za ka ga layi a sarari, haske a ƙasa, duhu a sama, kuma layin zai zauna wajen santimita 10 ƙasa da alamarka. Idan ya haura alamar, kana haska idon mutane, kuma a bayan fitilar akwai ɗan sukurun da ake juyawa a sauke shi. Idan ba layi sam, haske ne kawai a warwatse, ƙwan bai dace da gidan ba. Sannan ka duba wane gefe layin ya ɗan tashi. A ƙasar da ake tuƙi ta dama, kamar Nijar, da kuma Najeriya tun 1972, ta dama ya kamata ya tashi, don ya haska mai tafiya a gefen titi. Idan ta hagu ya tashi, an yi fitilar ce don Japan ko Ingila, aka juya sitiyari ba a canza ta ba, kuma tana zuba haskenta kai tsaye a fuskar masu tahowa. Lodi ma yana da nasa: buhuna a but suna danne baya su ɗaga gaba, fitilar da take daidai jiya ta koma kallon sama. Wannan ne dalilin ɗan maɓallin nan mai lambobi 0 zuwa 3 da ke kusa da sitiyari a motoci da yawa, wanda direbobi kaɗan ne suka taɓa juya shi.

Masana'antu suna da maganinsu na zamani. Audi A8 ta 2013 ta zo da fitila mai ƙananan LED da yawa da kyamara, tana kashe waɗanda suka fuskanci mai tahowa, sauran su ci gaba da haska hanya. Amurka ba ta halatta irinta ba sai a Fabrairun 2022. Abu ne mai kyau, mai tsada, kuma ba shi zai warware matsalar hanyar Funtuwa zuwa Gusau a wannan shekarar ba. A lokacin hunturu ma ba abin da ya canza: idan hazo ya yi kauri, babbar fitila ƙurar gabanka take haskawa ta dawo maka da hasken, kuma gwargwadon ƙarfinta gwargwadon farin labulen da za ta yi maka. Ƙaramar fitila da rage gudu su ne magani.

Saura maganar ƙarko. Ƙwan halojin yana yin awa 500 zuwa 1,000, LED mai inganci kuwa tana iya kai dubban awoyi masu yawa, girgizar hanya ma ba ta tsinka mata waya tunda ba ta da ita. Amma zafi ne maƙiyinta. Gabanta ba ya zafi, bayanta ne ke yi, shi ya sa ake manna mata ƙarfen alminiyum mai tsage-tsage, wani lokaci har da 'yar fanka. A watan Afrilu na Sakkwato ko Yamai, da zafi ke haura digiri 40, ga ƙura na toshe fankar, mai araha ba ta daɗewa, haskenta ya dusashe ko ya fara ƙyaftawa. Wadda ta zo daga masana'anta kuma sau da yawa a rufe take ruf, idan ta mutu ba ƙwai ake canzawa ba, gidan fitilar gaba ɗaya ne, kuma kuɗinsa ba kaɗan ba. Mai sayen motar lantarki ta hannu ya kunna kowace fitila ya duba kafin ya biya. Ya duba robar fuskar fitilar ma. Ƙungiyar direbobi ta AAA a Amurka ta auna a 2018 ta ga wadda rana ta dafa ta yi ruwan ɗorawa tana iya barin kashi 22 cikin 100 kacal na haske ya wuce.

Gwamnatocin jihohi da 'yan kasuwar da ke shigo da adaidaita sahu da baburan lantarki yanzu suna da damar da ba a samu ba lokacin da na fetur suka cika gari, domin na lantarkin ba su yi yawa ba tukuna. Su rubuta a cikin yarjejeniyar saye cewa fitilar gaba ta zo da layinta na ƙasar da ke tuƙi ta dama, fitilar rana ta riƙa kunnuwa da kanta, danja ta kama ko da totur aka rage gudu, a kuma haɗa da na'urar ƙara. Jami'an hukumar kiyaye haɗurra da na binciken lafiyar motoci su daina tsayawa a tambayar ko fitila tana kamawa, su duba inda take haskawa. Shugabannin ƙungiyoyin direbobi kuma ba sai sun jira kowa ba: kowace tasha tana da bango, a auna mita 10 a ja layi, duk motar da za ta yi lodin dare ta fara tsayawa a gabansa.